Daminar da Ta Same Ni a Holan

Abu na farko da aka karɓe mini a ƙasar Holan fasfo ne, na biyu kuma babbar rigata. Ba ɓarawo ne ya karɓa ba, ɗan maigidana ne. Da murmushi ya karɓa, ni ma da murmushi na miƙa, har ina yi masa godiya.

Sunana Ilu. Amma tsakanin Roni da Gwiwa in ka ce Ilu za a tambaye ka wanne, in kuwa ka ce Ɗan Inuwa ko makaho zai nuna maka gidana. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, kuma da aka tashi daga yaƙin, jahilcin ne ya yi nasara, ni dai na tsira da 'yan baƙaƙen da nake rubuta muku wannan da su.

Gonar da na tsufa ina nomawa ba tawa ba ce. Ta wani Alhaji ce a Kazaure, aro ya ba ni tun gemuna yana baƙi. Aron gona a wajenmu yana da ƙa'ida. Kowace shekara, in hadari ya fara haɗuwa, kafin ruwan shuka ya sauka, za ka je gidan mai gona da ƙafarka, ka durƙusa, ka ce ka zo neman gona. Shi kuma ya ce je ka shuka. Da kaka ka kai masa galla, 'yan dammunan geron da ke nuna ba ka manta gonar ta wani ce ba. Ba a aike, ba a waya. Shekarar da ba a ga ƙafarka ba, ka saki gona ke nan.

Ita wannan gonar ta cika da bishiyoyi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, lalacina ne. Lokacin sassabe kowa yana sara yana tone kututture, ni in na ga ɗan gawo ya tsiro sai in ce masa Allah ya raya, in kewaye shi. Da gawo, da kalgo, da aduwa, duk haka muka yi da su. Shekaru suka tura, gonata ta zama ita kaɗai ce mai duhu a duk yankin. Sai ga Nura, ɗan Alhaji, wanda ke karatun tattalin arziki a wata jami'a a Holan, ya zo da igiyar awo da na'urar hoto, ya yi ta zagaye bishiyoyin yana rungumarsu kamar ya ga 'yan uwansa. A kan gonar ya ɗora littafin da zai ba shi digiri. Da bazara ya ce malamarsa tana son ɗalibanta su gan ni ido da ido.

"'Yan makonni ne, Baba. Kafin hadari ya haɗu kana gida."

Na ce to, maganar neman gona fa? Don ba a zuwa da wuri, sai ka zama kamar mai zargin za a ƙwace.

"Haba Baba! Gonar wa? Ba ta Abbana ba ce? Bar mini wannan."

Na bar masa.

Ranar da za a fara kai ni gaban ɗalibai na saka shaddar da na ɗinka musamman, ruwan toka, na kafa hula, na fesa turare har ni kaina ina atishawa. Nura ya shigo ɗan ɗakin da aka sauke ni, ya tsaya yana kallona kamar ya tarar da akuya a kan gadonsa.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Jami'a mana. Ko ba yau ba ne?"

"Yau ne. Amma in suka gan ka haka ai cewa za su yi shugaban ƙaramar hukuma na kawo musu. Ina kayan gonar da na ce ka taho da su?"

Na ciro taguwar nan mai faci a kafaɗa, da wandon da ya gaji a ƙwauri ya tsaya, da malafa. Ya naɗe babbar rigar ya tura a jakarsa, wai kada ta yi datti. Haka na fita cikin sanyin da su suke kira farkon zafi, fartanya a kafaɗa, haƙorana suna gaisawa da juna, kekuna suna wuce ni ta kowane gefe suna kaɗa mini ƙararrawa.

Ɗakin karatun hawa-hawa ne, ɗalibai a sama, ni a ƙasa kamar a gindin rijiya. Akwai farare, akwai Indiyawa, akwai 'yan Sin, har da baƙaƙe irina da suka ƙi haɗa ido da ni. Malamar doguwar mace ce mai furfura, Farfesa, a kan keke ta zo. Nura ya ce darasin sunansa ci gaba mai ɗorewa, wato yadda talakan duniya zai ci yau ba tare da ya cinye na jikokinsa ba. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, mu na yau ɗin ma nema muke.

Aka kashe fitila aka haska gonata a bango. Wallahi na ji daɗi, ban taɓa sanin tana da kyau haka ba. Sai aka canja, ga ƙofar gidana. Aka canja, ga Hajo matata tana daka, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje. Matar da ƙanena ma ba ya shiga inda take sai ya yi sallama an amsa, ga ta ta cika bango, 'ya'yan mutane suna kallo suna tauna cingam. Ban gama haɗiye wannan ba aka canja, sai ga bayan gidanmu, har da fasasshen murfin tukunyar da muke rufe bakin ramin da shi. Duk suka duƙa suna rubutu. Har yau ban san me suka rubuta a kan murfin ba.

Aka zo tambayoyi. Wata yarinya ta ce me ya sa na bar bishiyoyi alhali maƙwabtana suna sarewa.

Na ce, "Gaya mata lalaci ne. Gatari nauyi gare shi, kuma ina son wurin kwanciya."

Maganar da na yi da numfashi ɗaya, Nura ya yi ta jan ta da Turanci, yana buɗe hannu yana dafa ƙirji, har ƙafata ta fara sanyi. Aka ɓarke da tafi.

"Me ka ce musu?"

"Na ce hikima ce da ka gada daga kakanni."

"Kakan nawa da har tsamiyar maƙabarta ya so ya sare?"

"Baba, yi murmushi, ana ɗauka."

Na yi. Sai wani saurayi mai ɗan kunne ya ɗaga hannu. Nura ya juyo ya ce, "Yana tambaya, 'ya'yanka nawa suka rasu tun suna ƙanana."

Na dubi Nura. Shi ɗan Kazaure ne, ya san ba a yi wa mutum wannan tambayar ko a zauren gidansa, balle a gaban taro. Na zaci zai kare ni, ya ce musu wani abu daban, tunda na ga ya iya.

"Amsa kawai, Baba. Yana cikin darasin."

Ban iya faɗar adadi ba. Sai na fara kiran sunayensu. Na ce Sa'adu, da ƙyanda ta ɗauka. Na ce Binta ƙarama. Ina kira Nura yana lanƙwasa yatsa, da na yi shiru ya ɗaga hannunsa ya nuna musu. Suka rubuta. A duk ɗakin nan babu wanda ya ce Allah ya jiƙan su, har da shi.

Daga ranar na zama kamar tumakin da ake yawo da su kasuwa-kasuwa. Yau wannan aji, gobe wancan, jibi a sa ni a jirgin ƙasa zuwa wata jami'ar, da taguwata da fartanyata. Abinci kuwa burodi ne mai sanyi da wani abu rawaya da suke kira cuku, wanda ni dai sabulu na ɗauke shi. Nama na ƙi taɓawa don ban san wanda ya yanka ba, ban ma san me aka yanka ba. Ayaba ce ta riƙe ni, har na fara jin kunyar birai.

Bayan gidansu babu buta. Na duba ko'ina na rasa, sai a ɗakin girkin da ɗaliban gidan ke haɗuwa na ga wata kyakkyawa ta ƙarfe mai dogon baki. Na ce alhamdu lillahi. Kullum in ɗauka in yi uzurina, in ɗauraye ta tas, in mayar inda na gan ta, don ni ba ɓarawo ba ne. Sai da aka ɗan kwana biyu na tarar da wata Bajamushiya tana tsiyaya ruwan shayi daga cikinta. Ta yi mini murmushi ta nuna ko zan sha. Na ce na gode, ina azumi. Wannan ita ce kaɗai ramuwar da na yi a ƙasar Holan, kuma ba da niyya na fara ta ba. Ci gaban da na yi ne da niyya.

Wata rana aka ce yau ba lacca, wasa za a yi. Aka raba ɗaliban gida-gida, kowane gida wai manoma ne irina. Aka raba musu katuna, wannan gero, wannan akuya, wannan 'ya'ya. Farfesa ta riƙe wasu a hannu, in ta jefa ɗaya sai a ce an yi fari, in ta jefa wani a ce fara ta sauka. Sai ka ga gida ya sayar da akuya, ya sayar da iri, ana ihu ana dariya. Gidan da katunansu suka ƙare an ce yunwa ta kashe su, sai su tafa hannu su tashi su tafi shan kofi. Ni aka zaunar a gaba a kan kujera, wai in ga ko wasan ya yi kama da gaskiya. Nura ya ce Farfesa tana son jin ra'ayina.

Na ce, "Ya yi kama. Sai dai a wajenmu waɗanda suka mutu ba sa dawowa da kofi a hannu."

Ya juya ya faɗi 'yar gajeriyar magana, aka yi tafi. A nan na gane in na yi gajeriya ya tsawaita, in na yi mai nauyi ya rage mata kaya.

Ruwan sama kuwa a can ba shi da lokaci ba shi da daraja. Yana sauka safe da yamma a kan kwalta, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Ni kuma duk ɗigon da ya bugi taga sai gabana ya faɗi, in ce ko a gida ma ya sauka. Makonnin da aka ce suka cika suka wuce. Farfesa ta kira mu ofishinta ta ba ni shayi, ta yi wata magana tana kallona. Nura ya ce, "Ta ce za ka ƙara kwanaki, akwai babban taro a ƙarshen zango."

Na ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne."

Na san mai karatu zai ce wannan tsoho wawa ne. Ban musa ba. Amma ku duba, a wajenmu baƙon da aka ɗauko, aka biya masa mota, aka ba shi ɗaki, ba ya tashi ya ce zai tafi. Jira yake maigida ya sallame shi. Abin da zai iya shi ne ya yi ta gewaye maganar har a gane. Balle wanda ya ɗauko ka ɗan mai gonarka ne. Don haka na shiga gewaye. In ce, "Nura, jiya na yi mafarkin hadari ta gabas." Ya ce Allah ya sa alheri. In ce, "Yanzu haka mutane sun fitar da iri." Ya ce ai kuwa. In ce, "Ko Alhaji yana tambayata?" Ya ce, "Kullum. Na gaya masa komai, Baba, kwantar da hankalinka." Duk wanda ya sha ruwan Kazaure ya san abin da nake faɗa. Ya ji sarai. Gida kuwa sai da wayarsa nake kira, yana tsaye a kaina, Hajo ta ce lafiya lau, in ce lafiya lau, ya karɓi abarsa.

Ana haka wata rana a wurin cin abincin jami'a aka sake ɗora mini burodi da cukun nan. Na dube shi na ce da ƙarfi, tunda ba mai ji, "Allah ya isa tsakanina da wannan sabulu."

Sai na ji daga bayan kanta an ce, "Ka ci ko ka bari, Bakano. Da can me kake ci in ba ƙanzo ba?"

Na waiga. Wani baƙin dattijo ne siriri, da rigar leda a gaba, hannunsa duk kumfa. Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba.

Na ce, "Ni ba Bakano ba ne, mutumin Kazaure ne."

"Duk ɗaya, bayinmu ne. Ni Mahaman, daga Damagaram. Tashi ka gaida ubangijinka."

"Ubangiji da wankin kwano? Ashe har Turai kuka kawo sana'ar gado."

"Gara ni ana biyana. Kai da ake zagayawa da kai kamar kura a kasuwa, me ake ba ka?"

Ya ga maganar ta soke ni, sai ya bar wasan. Ranar Juma'a ya ɗauke ni a bayan kekensa, tsoho a kan tsoho, muka je masallacinsu, daga nan ɗakinsa. Ya tuƙa tuwon masara da miyar kuka har da daddawa. Na ci ina sharar hanci, yana cewa in ci a hankali kada bawa ya mutu masa a ɗaki a ce shi ya kashe. Da na gama ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kira gida, ni zan tahi waje."

Hajo da ta ji ba kowa a kaina sai muryarta ta canja.

"Malam, wai kai me kake yi a can? An yi shuka, an yi noman farko, gonarka tana nan ciyawa ta cinye. Na ce a shuka mana ko gefe ne, wakilin Alhaji ya ce ba a ba da izini ba. Shekaranjiya ya zo da wani mai mota suka zagaye ta."

"Wane mai mota?"

"Ni na sani? Kai da kake Turai ba ka sani ba sai ni?"

Mahaman ya dawo ya same ni riƙe da waya kamar an ba ni garwashi. Na kwashe duka na gaya masa, da aron, da gallar, da sallamar da nake jira.

"Kai, amma Kanawa akwai wauta. Sallama kake jira? A nan? Mutanen nan in ka zauna shiru cewa suke daɗi kake ji. Sai ka mutu a kujera su ce barci kake. Litinin mu je wajen malamar."

"Ba tare da Nura ba? Ai cin fuska ne."

"To zauna ya ci gonarka, kai ka riƙe fuska."

Muka je, shi da rigar ledarsa, ni da taguwata. Ya yi mata bayani da yarensu. Ina kallon fuskarta tana sauya launi har ta koma ja kamar gauta. Ta yi magana da sauri. Mahaman ya ce, "Ta ce ranar da ta ba ka shayi tambayarka ta yi, kana so ka tahi gida shuka ko za ka tsaya taro. Yaron ya ce mata ka ce 'ya'yanka za su shuka."

'Ya'yana maza da suka rayu suna Legas suna acaɓa, rabonsu da fartanya tun ba su fara aski da kansu ba. Nura ya sani.

"Ta ce me ya sa ba ka faɗa ba tun tuni?"

Na yi bayanin baƙo da sallama. Ta saurara da kyau, har da gyaɗa kai, ta jawo takarda tana rubutawa. Ta sa aka kira Nura. Ya shigo ya gan mu, ya gane. Suka yi ta yi da Turanci, ita murya sama, shi murya ƙasa. Da suka gama ya juyo gare ni yana murmushi, yadda duk mai kallo zai ce haƙuri yake ba ni.

"Baba, ka tozarta ni a gaban malamata saboda mai wankin kwano. Ba komai. Allah ya ba mu alheri."

Farfesa ta ce za a canja mini tikiti a cikin makon. Ta riƙe hannuna da hannu biyu, idonta ya yi rau-rau, na ga dai abin ya taɓa ta da gaske. Sai ta ƙara wata magana. Na dubi Mahaman.

"Me ta ce?"

"Bar shi."

"Faɗa mini."

"Wai wannan al'ada ta aron gona, da yadda ta ritsa da kai, darasi ne mai kyau. Ko ka yarda ta koyar da shi a aji."

Na buɗe baki, me kuke tsammani ya fito? Cewa na yi ba komai.

Sai da aka ƙara makonni kafin Nura ya aiko mini da fasfo ta hannun wani, babbar riga kuwa aka ce tana wajen wanki. Mahaman ne ya raka ni filin jirgi. Ya cire rigar sanyinsa ya ɗora mini, ya ce, "Ungo, kada a ce bawan Damagaram ya koma gida tsirara." Na sunkuyar da kai ina gyara rigar. Shi ma ya juya da sauri yana zagin wani mai keke da bai yi masa komai ba.

Daga Kano ban nufi gida ba, Kazaure na wuce kai tsaye. Tun a mota na ga abin da na gani, gero ko'ina ya kai ƙugu, kore shar, har ya fara rufe masu noma. Na samu Alhaji a zaure da mutanensa.

"A'a! Bature! Saukar yaushe?"

Aka yi dariya, ni ma na taya su. Na cire takalmi na durƙusa inda na saba durƙusawa.

"Ranka ya daɗe, na zo neman gona."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Yanzu, Ilu? Da me za ka shuka, da hoto?"

"Ranka ya daɗe, Nura ya ce ya yi maka bayani."

"Ya yi. Ya ce Turawa sun riƙe ka hannu bibbiyu, ka samu wuri, noma ya fita daga ranka. To ko da bai ce haka ba, yaushe aka fara aiko yaro neman gona? Kai ne fa kake gaya wa na baya ƙa'idar nan. Mun jira ƙafarka har aka gama noman farko. Ƙasa ba ta zama haka nan. Na ba wani mutumin Babura, riɗi yake yi."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na so in ce ɗanka ne ya riƙe mini fasfo. Na dubi mutanen da ke zaune, na dubi tabarmar da na shekara da shekaru ina durƙusawa a kai. Na ce, "Allah ya ƙara girma." Ya ce in riƙa leƙowa gaisuwa, zumunci ai bai ƙare ba.

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga Roni na ce ya bi ta hanyar gona. Da can tun daga kan dutse kake hango duhunta. Wannan karon na hango sarari. Na ce ya tsaya. Mai riɗi da tarakta yake aiki, tarakta kuwa ba ta san kewaye ba. Kunyoyi ne miƙaƙƙu tun daga wannan iyaka har waccan, riɗi ya fito gwanin kyau, kututture nan da can an ƙone kansu. Na nemi inda babban gawon yake, wanda na fi kwanciya a gindinsa, na kasa gane wurin. Ɗan acaɓa ya ce, "Baba, in fitsari za ka yi ka yi sauri, hadari na tahowa."

An ce Nura ya zama Dakta. An kuma ce har yanzu a ajin nan ana haska gonar a bango, bishiyoyinta tsaye, ana koya wa yara yadda ake abu mai ɗorewa.

Da na shiga gida Hajo ta dube ni sama da ƙasa, da rigar sanyin Mahaman da fartanyar da ta je Turai ta dawo ba ta taɓa ƙasa ba. Ta ce sannu da hanya, ta kawo ruwa. Sai na lura da tulin itace a ƙarƙashin rumfa, an faskara an jera har ya kusa taɓa rufi.

"Wannan fa?"

"Mai riɗin ne ya aiko da shi a amalanke. Ya ce kada a ce bai yi kara ba, tunda kai ka raini bishiyoyin."

Na ce wallahi ba zan ci abin da aka dafa da shi ba. Ta ce to. Ta hura wutarta, ta ɗora tukunya, ta tuƙa tuwon dawa, ta yi miyar kuɓewa, ta ajiye kwano a gabana ta rufe da faifai, ta koma ta zauna. Na juya masa baya. Na yi ta kallon katanga. Ƙamshin yana zagayowa ta gefen kunnena.

Kaffarar rantsuwa dai na san yadda ake yin ta. Na jawo kwanon.

Ina cikin ci ta tura wani guntun a murhu, ya kama nan take.

"Ka ga ba ya hayaƙi," in ji ta. "Tunda na zo gidan nan ban taɓa samun itace mai kyau irin wannan ba. Ashe dai ka iya wani abu, Malam."